Tsallakewa, Shawo Kai da Magancewa: Nazarin Aikatau na Fita daga Matsala a Hausar Manoman Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Masu fassara daga Ingilishi zuwa Hausa sun saba mayar da aikatau *surmount* da danginsa irin su *overcome* da lafazi guda, wato *shawo kan*. Wannan takarda ta duba ma'anonin aikatau ɗin na Ingilishi, sannan ta auna su da jerin aikatau da Bahaushe yake amfani da su idan yana maganar fita daga wata matsala: *tsallake, ƙetare, haye, shawo kan, magance, ci ƙarfi, yi galaba, warware, jure, tsira* da *yaye*. An ɗauko misalai daga harkar noma a yankin Funtuwa da Malumfashi, aka bi hanyar gwajin musanya domin gano inda kalmomin suke haɗuwa da inda suke rabuwa. Abin da takardar ta tsaya a kai shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu yana faɗa wa mai sauraro halin da aka baro matsalar a ciki. Saboda haka zaɓen aikatau a fassarar bayanan noma da sanarwar hukuma magana ce ta faɗin gaskiya ga manomi, kafin ta zama maganar adon harshe.

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraron labaran rediyo da Hausa ya san jimlar nan: "Gwamnati ta ce za ta shawo kan matsalar." A mako guda za ka ji an shawo kan tsadar taki, da ambaliya, da tsutsar masara, da 'yan bindiga. Amma idan ka zauna a kasuwar hatsi ta Ɗandume ko a bakin wata gona a Ƙafur, za ka ji manomi yana rarraba waɗannan abubuwa da bakinsa ba tare da ya yi tunani ba. Ciyawa ya *ci ƙarfinta*, bashin taki ya *fita* daga cikinsa, rikicin iyaka an *warware* shi, fari kuwa Allah ne ya *yaye*. Tambayar da wannan takarda take son amsawa ita ce: mene ne manomi yake bambancewa wanda mai fassara yake haɗewa?

Aikin ƙamus tsakanin harsunan biyu ya daɗe. Akwai na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da *Kamus na Turanci da Hausa* na Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, da *Ƙamusun Hausa* na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai aikin ƙamus shi ne jera kalmomi masu kusancin ma'ana. Wurin da yake da shi bai kai ya nuna wa mai fassara wacce za ta zauna a wace jimla ba. Nan ne wannan takarda take son ta sa hannu.

2.0 Kalmar Ingilishi da Surar da Take Ɗauke da Ita

*Surmount* ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci. Gaɓarta ta farko tana nufin "bisa", ta biyu kuma "hawa". Ma'anoninta huɗu ne. Ta farko, hawa abu har ƙololuwarsa a wuce. Ta biyu, kasancewa a saman wani abu, kamar yadda tulluwa take bisa masallaci ko zanko bisa kusurwar soro. Ta uku, wadda ta tsufa, ita ce fifiko. Ta huɗu, wadda ta fi yawa a rubutun yau, ita ce cin nasara a kan wata wahala.

Ma'ana ta biyu da ta uku ba su da rikici. Bahaushe zai ce abu *yana bisa* ko *an ɗora shi a kan* wani abu, zai kuma ce wane *ya fi* ko *ya zarce* ko *ya ɗara* wane. Rikicin yana ga ta huɗu, domin har yanzu tana ɗauke da surar ta farko. Ga Bature, wahala tsauni ce a kan hanya, mutum kuwa matafiyi ne da zai hau ya sauka. Danginta ma kowace da surarta: *conquer* ta yaƙi ce, *prevail* ta gwajin ƙarfi. Lakoff da Johnson sun nuna a littafinsu na 1980 cewa irin wannan siffantawa ba ta tsaya ga mawaƙa ba, da ita mutane suke tsara tunaninsu na yau da kullum. In haka ne, wajibi ne mu tambayi surar da Bahaushe yake gani idan aka ce matsala.

3.0 Farfajiyar Nazari

Yankin da ake kira Karaɗuwa, wato kudancin Jihar Katsina, ya ƙunshi ƙananan hukumomi 11: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. Ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarsa kuma ta karɓi auduga da dawa da masara da waken suya. Tun zamanin Turawa aka kafa masana'antun gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda kuma ya ratsa Funtuwa.

Dalilin zaɓen yankin shi ne, kaɗan ne wuraren da harshen malaman gona ya daɗe yana cuɗanya da na manoma kamar nan. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin guda uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, kuma daga lokacin ne masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama amfanin sayarwa. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar KTARDA ta gaji aikin, Funtuwa tana ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar NAERLS a Zariya, tafiyar da ba ta kai sa'o'i biyu ba daga Funtuwa. Kusan duk abin da waɗannan cibiyoyi suke bugawa da Ingilishi ake fara tsara shi, daga baya a mayar da shi Hausa.

4.0 Hanyar Nazari

Misalan da ke cikin takardar jimloli ne na yau da kullum, waɗanda kowane mai jin Hausa zai iya gwadawa da kunnensa. Gwajin musanya shi ne a riƙe jimla yadda take, a cire aikatau a sa wani, a ga ko ma'ana ta tsaya, ko ta sauya, ko jimlar ta ƙi zama. An kuma yi wa kowane aikatau tambayoyi uku: wane irin karɓau yake ɗauka? Bayan an gama aikin, ina matsalar take? Wa ake jingina wa aikin?

5.0 Rukunonin Aikatau

5.1 Tsallake, ƙetare, haye

Waɗannan su ne mafi kusa da surar Ingilishi, domin su ma na tafiya ne. Ana tsallake kunya ko rami, ana ƙetare rafi, ana haye tudu.

(1) Allah ya sa mun tsallake watan Agusta da sauran hatsi a rumbu.
(2) Masarar da aka shuka da ruwan farko ta tsallake farin da aka yi.

A nan babu abin da aka yi wa matsalar. Agusta yana nan zai dawo baɗi, da yunwarsa ta tsakiyar damina. Mutum ne kawai ya wuce. Shi ya sa ake cewa wane ya *tsallake rijiya da baya*: rijiyar ba ta cike ba, shi kansa bai san ya wuce ta ba sai daga baya. *Haye* kuwa, duk da ita ce ta fi kama da kalmar Ingilishi a gini, ta karkata zuwa ga inda aka sauka. Idan aka ce wanda ya ajiye waken suya har farashi ya tashi "ya haye", dacewa ake nufi, kamar mai isa tudun-mun-tsira. Ba a cika jin "ya haye matsala" ba.

5.2 Shawo kan

Tushen lafazin *sha* ne da *kai*. Idan saniya ta ɓalle ta nufi gonar mutane, yaro ba ya bin ta a baya. Yakan zaga ya sha gabanta, ya juyo da kanta. Ƙarshen *-o* da ke cikin *shawo* shi ne yake nuna aikin ya nufo wajen mai magana. Ke nan a asali abin da ake shawo kansa abu ne mai kai, mai motsi, mai nufin kansa.

(3) Da ƙyar aka shawo kan bijimin kafin a ɗaura masa garma.
(4) Dattawa sun shawo kan mai gonar ya haƙura da ɓarnar.
(5) An shawo kan gobarar kafin ta kai ga dammunan dawa.

A (5), wuta tana iya kasancewa tana ci har yanzu. An dai hana ta yaɗuwa. Da an ce *an kashe*, da labari ya sha bamban. A (3) da (4) ma bijimi yana nan, mai gona yana nan, sai dai sun dawo hannu. Ma'anar *shawo kan* ita ce mallakar ragamar abu, kuma abin da aka riƙe da ragama yana iya ƙwacewa. Akwai kuma kishiyarta daga tushe guda: idan aka ce aiki *ya sha masa kai*, abin ne ya mallake shi.

Gwajin musanya yana nuna iyakarta. "An shawo kan farin bana" jimla ce da manomi zai ji ta banbaraƙwai, domin fari ba shi da kan da za a juyo. Amma "an shawo kan tsutsar masara" ta zauna daram. Tsutsar nan da ta bayyana a Nijeriya a 2016 tana tafiya, tana yaɗuwa daga gona zuwa gona, feshi kuma yana dakatar da ita ne a wannan damina kawai.

5.3 Magance, kawar da

*Magance* daga *magani* take. An ƙera aikatau *maganta* daga suna, sai *t* ta koma *c* a gaban *e*. Surarta ta cuta ce da waraka, da'awarta kuma ta fi ta sauran nauyi: abin ya tafi. *Kawar da* ma haka, sai dai ita tana ganin matsala kamar kututture ne da aka ɗauke daga hanya.

Babu misalin da ya fi wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, bayyana haɗarin wannan kalma. Ciyawa ce da take manne wa saiwar dawa da masara da gero tana tsotse su tun kafin ta fito fili. Tushe guda yana zubar da dubban ƙwayoyin iri, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar da zai kama. Juya shuka da waken suya yana rage shi, domin yakan sa irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Takin gargajiya da cire ta kafin ta yi fure su ma suna taimakawa. Amma duk wannan aikin shekaru ne. Takardar da ta ce wa manomi wani iri ko wani magani zai *magance* wuta-wuta a damina ɗaya ta yi alkawarin da ba za ta cika ba. Idan furen nan ya sake bayyana baɗi, manomi zai ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma malamin gona ne zai rasa yardarsa.

5.4 Ci ƙarfi, rinjaya, yi galaba, murƙushe

Wannan rukuni na kokawa ne da yaƙi. *Galaba* da *nasara* aro ne daga Larabci, sun fi yawa a rubutu da wa'azi da labarai. *Ci ƙarfi* ita ce ta bakin gona, kuma tana da ma'ana biyu:

(6) Da aka yi gayya, an ci ƙarfin ciyawar kafin azahar.
(7) Mun ci ƙarfin girbin, saura gonar fadama.

A (6) an rinjayi abokin karawa. A (7) an yi mafi yawan aikin, saura kaɗan. Duka biyun suna barin saura, kuma wannan ne ya sa ita ce kalmar da ta dace da wuta-wuta da tofa da ƙiri-ƙiri. *Murƙushe* kuwa sai ga abokin gaba mai rai, shi ya sa ta fi fitowa a labaran tsaro.

Abin lura a nan shi ne Hausa tana da aikatau da suke mayar da matsalar ta zama aikau: gona *ta gagare* shi, ciyawa *ta buwaye* shi, aiki *ya faskara*. Ingilishi yakan bi ta siffa ya ce abu "ba ya hawuwa". Hausa tana ba matsalar ƙarfin yin aiki da kanta, kamar wani ɗan kokawa a fage.

5.5 Warware

Ana warware ƙulli da igiya da zare. A ƙasar auduga ba abin mamaki ba ne a ce mai cikakken bayani ya *warware zare da abawa*. Karɓau na wannan aikatau shi ne abin da ya sarƙe: rikicin iyakar gona, rabon gado, lissafin bashi tsakanin manomi da wanda ya ba shi taki zuwa kaka. Ba a warware tsutsa, ba a warware fari. Idan kuma rikicin tsakanin mutane ne masu ci gaba da zama tare, kamar manomi da makiyayi a kan burtali, *sasanta* da *sulhunta* sun fi dacewa, domin su ba sa nuna wani ya kayar da wani.

5.6 Jure, daure, ji da

Akwai wahalar da ba a hawa, ba a juyawa, ba a kashewa. Wadda ta gabata a farin 1972 zuwa 1974 irinta ce, haka ma tsadar sufuri da ta ban ruwa da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A nan Bahaushe *jurewa* yake yi, ko *daurewa*, ko ya *ji da* abin. Gaisuwarmu ma ta tanadi wannan: "Yaya aka ji da aiki?" "Yaya fama?" Ingilishi yana iya kiran mai wannan hali wanda ya yi nasara a kan wahala, amma Hausa haƙuri take yaba masa. A fassarar bayanan iri, wannan bambanci yana da amfani kai tsaye. Irin masara da Samaru take fitarwa domin wuraren da ruwa ke yankewa iri ne *mai jure fari*. Wanda ya kira shi *maganin fari* ya sa manomi ya yi tsammanin abin da iri ba ya yi.

5.7 Tsira, kuɓuta, yaye

A 'yan shekarun nan babbar matsalar noma a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ita ce ta tsaro. A nan aikatau da ke bakin mutane su ne *tsira* da *kuɓuta* da *sha*, kamar a karin maganar nan, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Ba sa ɗaukar karɓau kai tsaye, sai da *daga*, domin mai maganar bai yi wa matsalar komai ba, ransa ya fitar. Lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, suka dawo bayan kusan mako guda, mai ba da labari yana da zaɓi tsakanin *an sako su*, *an ceto su* da *sun kuɓuta*. Kowace tana ba da labari daban game da wanda ya yi aikin.

Daga nan sai tambaya ta uku, ta wanda ake jingina wa aiki. Kalmar Ingilishi tana son aikau ɗan'adam mai himma. Manomin Malumfashi kuwa, idan abin ya shafi ruwan sama ko annoba ko tashin hankali, cewa yake yi "Allah ya yaye mana", "Allah ya fisshe mu", "Allah ya kawo sauƙi". *Yaye* tana ganin masifa kamar mayafi ne da aka lulluɓa wa mutane, wanda ya lulluɓa shi ne mai ɗagewa. Fassarar da ta sa manomi yana cewa "na yi galaba a kan fari" ta sa masa maganar da zai ji nauyin furtawa.

6.0 Gudummawar Azuzuwan Aikatau

Tsarin azuzuwan aikatau da Parsons ya fitar a 1960 yana ƙara haske. Yawancin kalmomin da aka duba 'yan aji na 4 ne, masu ƙarewa da *-e*: *tsallake, ƙetare, haye, magance, warware, murƙushe, jure, yaye*. Wannan aji yana nuna cikar aiki, don haka *magance* ta fi *maganta* ƙarfin da'awa. *Shawo* 'yar aji na 6 ce, mai nuna nufowa. *Tsira* da *kuɓuta* 'yan aji na 3 ne, sai an kai su aji na 5 su zama *tsirar da* da *kuɓutar da* kafin wani ya yi wa wani. Aji na 7 kuma shi ne yake ba mu abin da Ingilishi yake faɗa da doguwar siffa: rikici *ya warwaru*, cuta *ba ta magantuwa*, rafi *ba ya ƙetaruwa*. Mai fassara da ya san wannan ba ya bukatar ya ce "matsalar da ba za a iya shawo kanta ba" a kowane layi.

7.0 Shawarwari

Na farko, kafin mai fassara ya zaɓi aikatau, ya tambayi marubucin asali ko malamin gona: bayan an yi abin da takardar ta ce, matsalar za ta tafi ne, ko za ta ragu, ko za a dai wuce ta? Amsar ita za ta zaɓa masa tsakanin *magance* da *ci ƙarfi* da *tsallake*.

Na biyu, gidajen rediyo su taƙaita *shawo kan* ga abin da ake riƙewa da ragama. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, saboda matsalar tsaro. Mutumin da ya ga irin wannan, idan ya ji an ce "an shawo kan matsalar", abin da yake son sani shi ne ko zai iya zuwa gonarsa ta daji gobe da safe. Idan lafawa abin ya yi, a ce *ya lafa*.

Na uku, masu aikin ƙamus na gaba su riƙa haɗa kowane aikatau da irin karɓau da yake ɗauka, da jimla ɗaya daga bakin masu sana'a.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa aikatau ɗin Ingilishi yana ganin wahala a matsayin tsauni, Hausa kuwa tana da surori da dama: rami, dabba, cuta, abokin kokawa, ƙulli, kaya da mayafi. Babu biyu daga cikin kalmomin da aka duba da suke musanya a kowace jimla. Nazarin ya tsaya ga harkar noma a yanki guda. Zai yi kyau a gwada wannan ma'auni a kan Hausar asibiti da ta kotu, a kuma kwatanta da Hausar Maraɗi da Damagaram, inda Faransanci ne harshen da ake fassarowa daga gare shi, a ga ko can ma lafazi guda ne ya danne sauran.